Hoton Yawu a Yamai

Tun da muka dawo daga Yamai ban huta da tambaya ba. A bakin rijiya a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har Habi mai ƙuli, wadda a da ko gaisuwa ba ta haɗa mu, yanzu biyo ni take tana cewa, "Zuwaira, wai da gaske an saka ki cikin nukiliya?" Ni kuwa kun san halin da nake ciki, in magana ta yi tsawo harshena mannewa yake. Shi ya sa na ce bari in rubuta da ɗan bokon da na tsinta kafin a cire ni daga lakwal. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran, a bar mini bakina ya huta.

Ciwon ya fara ne bayan na gama wankan jego. Yawu ya ɗauke mini. Tuwo ba ya wucewa sai na bi kowace loma da ruwa, idanuna kamar an watsa musu rairayi, gaban kunnuwana ya kumbura kamar mai hangum. Ranar da kakata ta rasu na yi kuka har muryata ta dishe, amma hawaye ko ɗigo. Mata suka yi ta kallona ta gefen mayafi.

Iya Magaram, uwar maigidana, ba ta tsaya kallo ba, hukunci ta yanke. Ta ce macen da bakinta ya bushe, idonta ya bushe, nononta ma ba lafiya ba ne. A yaye yaron ta ɗauke shi ɗakinta. Yaron da ko rarrafe bai ƙware ba! Ta sa na tatsa a ƙoƙo, ta jefa tururuwa a ciki don a ga ko za ta mutu. Tururuwa ta yi iyo, ta fita, ta kama gabanta. Iya ta ce irin ta bakin rumbu ce, taurin rai gare su. Maigidan yana Tamanraset wajen nema, ta waya ya ce a jira abin da likita zai faɗa. Wannan maganar tasa ita kaɗai ta tsaya tsakanin yaron da yaye, kuma ita na riƙe har Yamai.

Kun san ɗan fari ne, kuma sunan marigayi mijin Iya aka sa masa. Don haka ba na kiran sunansa, ba na cewa nawa ne, ba na yi masa wasa gaban manya. Iya na ce masa Maigida, ni kuwa "yaron Iya" nake cewa.

Majo, babban ma'aikacin jinyar asibitin Tanut, ya tura mu Damagaram. Likitan can ya ɗebi jinina, ya ce mutum na da manyan rijiyoyin yawu huɗu, biyu gaban kunne, biyu ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma akwai hoton da ke nuna ko suna tsattsafowa ko sun ƙafe. Amma sai Yamai. Sunan hoton sintigarafi. Iya ta ce, "Santin me? Yarinyar da ba ta jin daɗin abinci, ina ita ina santi?" Ta kuma ce ƙafarta ƙafata, ba za a je a ɓoye mata maganar likita ba.

Daga Tanut zuwa Damagaram ba sai na ba ku labari ba, kun san ramukan hanyar da sunayensu. A Damagaram muka hau kar, babbar motar fasinja, da asuba. Kowa da lambar kujerarsa. Lambar Iya ta faɗa kusa da wani ɗan kasuwa mai gemu, ta ce tun da mijinta ya rasu ba ta zauna kafaɗa da kafaɗa da namiji ba, ba kuma za ta fara a kan lamba ba. Sai da aka tayar da mutum biyar kafin ta zauna. Motar na da sanyi mai fitowa daga sama, kowa na sa albarka, ni kuwa iskar na ƙara busar mini da ido. Ga jarkar ruwa a cinyata ina kurɓa, ga direba da ba ya tsayawa sai don salla. Wadda ta taɓa shan ruwa daga Tasawa har Maradi ba a tsaya ba, ta san addu'ar da na yi.

A shingen jandarmomi aka ce kowa ya fito da katin dantite, wato na shaidar ɗan ƙasa. Jandarman ya dubi goyon da ke bayana ya ce, "Yaron wa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na Iya ne."

Iya ta ce, "Mijina ne."

Ya yi dariya ya ce, "To Hajiya, angon ya sai miki kilishi kuwa, ko marowaci ne?" Ya miƙo mana katinmu. Bahaushe ne, bai nemi ƙarin bayani ba.

A Galmi kowa ya sayi albasa. Ɗan kasuwar nan mai gemu ya fito da wuƙa yana yankawa a kan namansa, duk waɗanda ke kusa suna share ido, ni kaɗai nake zaune garau. Iya ta taɓa matar da ke gabanta ta ce, "Kin gani ko? Ko albasa ta sallama." A Ƙonni aka nuna mana hanyar Najeriya, ga fetur a kwalabe jere kamar man gyaɗa. Hausarsu ta can, in ji Iya, kamar mai magana da dankali mai zafi a baki. Su ma na ji wata na kwaikwayon tamu tana dariya.

Iyakar da muka tsallaka ta gaske ba ta da tuta, ba ta da sanda. Bayan Dogon Dutsi kawai sai Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane. Tun daga gida ake tsorata mu da labarin hanya, to muna tsayawa a Doso sai muka ji mace na kwarara ihu a jikin taga: "Hari! Hari!" Iya ta fizge yaron daga hannuna, ta dunƙule ƙarƙashin kujera tana kalmar shahada, ni ma na kife a kanta. Muka jira ƙarar bindiga, shiru. Sai muka ji mota ta ɗauki dariya. Ashe da Zabarmanci hari ruwa ne. Matar ruwan sanyi take sayarwa. Iya ta fito tana gyara ɗankwali ta ce, "Mutanen da ke kiran ruwa hari, in hari ya zo me za su ce, fura?"

Kafin mu shiga Yamai aka nuna mana raƙuman dawa suna cin ganye a gefen kwalta. Iya ta tambaya me suke ɗauka. Aka ce ba sa ɗaukar komai, ba a hawansu, ba a tatsarsu, kuma wanda ya taɓa su sai kaso. Ta ce, "Ashe ma'aikatan gwamnati ne."

Mun sauka wajen Isufu, ɗan ƙanen Iya da ke gadi a birnin. Ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna jere, bayan gida ɗaya, sai an bi layi kamar wajen riga-kafi. Matarsa Ramatu Bazabarmiya ce tashin birni, mai kirki, Hausarta rabi. Abin da ya fara ɗaure mini kai, ɗanta na fari ta kira da sunansa gatsal, gaban Iya, ta ɗaga shi sama tana sumbatarsa. Na rasa inda zan sa idona. Iya ta ce a hankali, "Birni ya ci kunya da miya." Ni kuwa, Allah ya sani, sha'awa ta ba ni.

Abinci shinkafa safe, shinkafa rana. Don a girmama mu Ramatu ta yi dambu da zogale, wanda ga mai baki irin nawa daidai yake da cin ƙasa. Furarsu a leda take, tsararo, da sukari kamar shayin Buzaye. Ta kawo kifin kogi da kansa da idanunsa, Iya ta juya kwanon ta ce ba ta cin abin da ke kallonta.

Da muka je asibitin aka ce mu dawo, maganin hoton bai iso ba. Wai daga waje yake zuwa a jirgi, kuma ba ya ajiyuwa, da kansa yake mutuwa. A bencin jira muka haɗu da Mushe Garba, tsohon malamin lakwal mai maƙoƙo, wanda ya daɗe yana zuwa har ya fi wasu ma'aikatan sanin ƙofofi. Ba a tambaye shi ba ya yi mana darasi. Ya ce dutsen yuraniyom da ake haƙa a Arlit ne ake kaiwa Turai a dafa, a ɗebo ɗan turirinsa a kwalba a dawo mana da shi, mu kuma mu zauna a benci muna jiran jirgi. Ya ce hoton ba irin radiyon ƙashi ba ne da ake haska mutum. A nan mutum ne ke haske, na'ura na kallo. Iya ta ja tabarmarta nesa da ni tun ba a yi mini komai ba.

Ranar randebu, wato ranar da suka sa mana, aka ce kar in ci komai da safe. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, kowa na ce mata Madam, doguwa ce mai tabarau, Hausarta ta kasuwa. A bakin ƙofa ta tsayar da mu.

"Ciki akwai?"

Na ce babu.

Ta nuna yaron, yana bayan Iya. "Bebe na wa?"

"Na Iya ne."

"Mijina ne," in ji Iya.

Madam ta dubi Iya, ta dubi yaron, ta gyara tabarau. Ta juyo gare ni ta dafa ƙirjinta. "Ke, nono, kin ba?"

Ta yaya zan amsa wannan gaban uwar miji? Na dubi ƙasa. Iya ta kaɗa hannu ta ce, "Yaye! Yaye!" Ita tana nufin abin da ta ƙudurta, Madam ta ɗauka abin da aka riga aka yi ne. Ta ce "Bon," ta ja ni ciki. Har yau ban ga laifinta ba. Sau biyu ta tambaya, sau biyu muka amsa mata da Hausar yankinmu Damargu.

Ɗakin sanyi ƙalau. Ta kwantar da ni a wani siririn gado, ta sa kaina a cikin matashi mai rami, ta ɗaure goshina da maɗauri. Ta yi mini allura a hannu, ta sauko da wani faffaɗan ƙarfe kamar murfin babbar tukunya har ya kusa taɓa hancina. Ta ce kar in motsa, kar in yi magana. Na jira zafi, babu. Na jira haske, babu. Na kwanta ina tunanin ko na'urar na ganin abin da ke zuciyata game da Iya.

Can tsakiya ta dawo da sirinji marar allura, ta zuba mini wani abu a baki ta ce in riƙe sannan in haɗiye. Lemun tsami! Irin wanda ake zubarwa a kasuwar Tanut in rana ta faɗi. Wai shi zai tsokani rijiyoyin su saki abin da suka tara. Na ji tsamin har cikin kunne, amma bakina kamar an zuba ruwa a tudun yashi.

A daidai nan yaron ya farka a waje. Na san kukansa na yunwa, yana farawa da tari biyu. Iya na jijjiga shi tana "Maigida, yi haƙuri," yana ƙara ƙarfi. Kaina a ɗaure, an hana ni motsi. Sai na ji ƙirjina ya tsira, ya sake. Jikin da aka ce ya ƙafe gaba ɗaya, wuri ɗaya ya ƙi yarda. Kafin a ɗaga ƙarfen rigata ta jiƙe da nono har ciki.

Madam ta ɗora hannu a ka. "Madam Zuwaira! Wannan mene?"

Ta fita da gudu ta dawo da likita, dattijo mai furfura, mutumin Magarya. Aka kira Iya ta tsaya daga bakin ƙofa da yaron. Likita ya saurari Madam, ya dube ni, ya dubi Iya ya ce, "Ɗan fari ne ko?" Ya yi ajiyar zuciya. Ya ce da sun sani, da an sa na tatsa na ajiye tun kafin allura. Yanzu kam kar a ba shi nono sai gobe warhaka, in riƙa tatsa ina zubarwa, kuma yau kar in goya shi, kar in kwanta kusa da shi.

Fuskar Iya ta washe kamar an ce mata an ga wata. "Alhamdu lillahi! Ai na faɗa. Tun daga Damargu nake faɗa, ga shi likitan birni ya faɗa. Tashi mu tafi."

Ta juya. Na san in ta fita da wannan maganar, yau za ta isa Tamanraset ta waya, kuma shi ke nan. Bakina a bushe, ga tsamin lemu, ga Mushe Garba ya leƙo daga benci. Na ji muryata ta fito kamar ta wata.

"Likita, ɗana ne. Ni na haife shi. Ka faɗa gaban Iya: nonona ne ke da ciwo, ko maganinku?"

Iya ta tsaya cak. Ta ce, "La ilaha illallahu. Zuwaira, a gabana?"

Likita ya ce, "Iya, dawo ki ji da kunnenki. Maganinmu ne. Mu muka sa shi ɗazu, yana bin jini yana shiga nono, kuma da kansa zai mutu kamar garwashin da ba a ƙara wa ice ba. Gobe warhaka nononta ya fi duk abin da za ki dama masa."

Iya ta ce, "To, Allah ya kai mu." Irin faɗin da ke nufin ba ta ji komai ba.

Muka koma gida. Na zauna a ƙarshen tsakar gida kusa da magudanar ruwa, Iya da yaron suna can ƙofar ɗaki. Yana ganina, yana miƙo hannu, ba dama in je. Ramatu ta kare ni da zane ina tatsa a kofi ina zubarwa. Kuka nake, fuskata a bushe, sai Ramatu ce ta yi hawayen a madadina.

Iya ta ɗaura ɗamara, ta ce yau za a ga yadda ake yaye. Ta dama koko, ya fesa mata a ido. Aka kaɗa madarar gwangwani, ya ture kofin. Ta yi masa waƙar Barebari, ta yi masa ta Buzaye, ta kira shi da duk kirarin marigayi. Ta goya shi ta kewaye gidan, ta fita titi ta dawo. Maƙwabci ɗan sanda da ke barcin rana ya fito da zane a kafaɗa ya yi dogon jawabi da Zabarmanci. Daga baya yaron ya karɓi koko cokali kaɗan, don dai ya samu ƙarfin ci gaba. Yadda aka kwana ba zan rubuta ba, ku tambayi mutanen gidan hayar, har yanzu suna gaishe da yaron ta waya.

Da gari ya waye Iya ta tsufa. Ɗankwalinta a karkace, muryarta ta fi tawa dishewa. Ita da ba ta taɓa yarda da agogo ba, sai ga ta tana bin Ramatu tana nuna wayarta: "Duba mini, warhaka ta yi?" Hantsi bai gama ɗagawa ba ta ce a garinmu warhaka ta wuce. Ni ce na ce a'a, sai lokacin da likita ya faɗa. Ta harare ni, ta ci gaba da jijjiga. Da Ramatu ta ɗaga waya ta ce ya yi, ban tashi ba, ban roƙa ba. Iya ce ta taka har bakin magudanar ruwan ta dire mini shi a cinya. Ya kama yana gurnani yana dukana da ƙafa. Kafin ya sauya gefe, Iya ta yi barci a zaune, bakinta buɗe.

Da muka koma karɓar sakamako likita ya nuna mana hoton. Ba fuskata ba ce, wani duhu ne da tabo huɗu masu dishi-dishi. Ya ce na mai lafiya kan cika su yi haske, in an ba shi lemu su zube. Nawa da ƙyar suka ɗan tara, da aka ba su lemu kuma suka riƙe abinsu. Ya ce hoton kaɗai ba ya yanke hukunci, amma da aka haɗa da jinina magana ta fito: sojojin da Allah ya sa su tsare jikina ne suka juya kan mutanen gida. Iya ta ce, "To, ai ba a jikinta aka fara ba." Ya ce ba a warkewa sarai, amma ana zama da shi. Ya rubuta maganin ɗigawa a ido, ya ce in riƙa kurɓar ruwa, in tauna abin da ba sukari, in kula da haƙora, kuma in na sake samun rabo in je awo da wuri in gaya musu ciwon. Ba ya bin nono, ba ya bin ƙoƙon sha.

Dawowa ba wani labari, sai dai a Doso Iya da kanta ta leƙa taga ta sayi ruwa da Zabarmanci.

Mun iso gida mata sun cika ɗakin Iya ana yi mata barka da hanya. Ina daga waje ina ba yaron nono, ina jin ta. Ba ta ambaci likita ba, ba ta ambaci hoton ba. Cewa ta yi ita ta duba ta ga Maigida bai isa yaye ba, kuma wannan baƙar zuciyar tasa ba ta gidansu ba ce, marigayi mutum ne mai sanyi, daga dangin uwa aka kwaso ta. Wata tsohuwa ta ce, to in lokacin yayen ya yi, ai dai ɗakinta za a kawo shi.

Iya ta ce, "Ɗakin wa? Ba shi da wata kakar ne a Belbeji? A kai mata, ita ma ta samu lada."